'Yar Fari Ba Ta Cikin Ƙidaya

A kan dutsen da ke bayan titin Shara Mansur a Makka, inda mota ba ta hawa sai ƙafa, nan gidan Malam Ɗaso yake. Ɗaki uku ne da rufin kwano, da tankin ruwa a sama. Mutumin Tanut ne, can ƙasar Damargu, inda gonaki suke ƙarewa rairayi ya fara. Shekara arba'in da shida ke nan da ya zo aikin Hajji, shi da matarsa da wansa Tsoho da wata yarinya 'yar shekara shida. Alhazai suka koma gida, su ba su koma ba. Igama kuwa, takardar izinin zama, bai taɓa riƙewa ba. Shekara talatin ya yi yana tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa, in lokacin Hajji ya zo kuma ya tafi dako Mina. Yanzu gwiwa ta ƙi. Matar ta rasu. Keken yana nan jingine a bayan ƙofa, ƙafa ɗaya ta yi tsatsa.

Mutum ne mai zafi. Ba ya roƙo, ba ya maimaita magana. Mutanen arewa mai nisa da ke zaune a dutsen, na Damargu da na Azbin da na Tawa, in rigima ta tashi a tsakaninsu wurinsa suke zuwa, abin da ya yanke kuma ya zauna.

Yarinyar nan da ya zo da ita, Kabira, ita ce 'yarsa ta fari. A garinsu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya wasa da shi, ba ya nuna shi a gaban mutane ya ce nawa ne. Kunya ce, da ita ake gane ɗan gidan mutunci. Tun da aka yaye Kabira aka ba wa Tsoho ita, shi ya riƙe ta, shi ya aurar da ita. Tsoho ya rasu, mijin ma ya rasu, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta dawo ƙaramin ɗakin da ke kusa da tanki. Shekararta hamsin da biyu, ba ta taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba. In zai kira ta sai ya yi gyaran murya. In zai ambace ta sai ya ce 'yar gidan Tsoho.

Bara ƙodarta ta fara lalacewa. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta yi fari. Wani likita da ke duba marasa takarda ya ce magani ya gama aikinsa, sai wankin ƙoda, sau biyu a mako. Wanda ba shi da takarda kuwa ba shi da hanyar zuwa gadon wanki.

Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta ce za ta yi ƙidaya. Za a shiga gida-gida a rubuta mutane, a gwada zaman kowace jama'a da na 'yar'uwarta: mutanen Kano, mutanen Barno, mutanen arewa mai nisa da sauransu. Duk wanda sunansa ya shiga zai samu katin asibitin ƙungiyar. Suna da gadon wanki goma sha biyu, jama'ar da lissafi ya nuna ta fi wahala ita za ta fi samun gado.

Mutanen dutse suka ji tsoro. A saninsu ba a rubuta sunan mutum sai in za a saka shi a jirgi a mayar da shi gida. Suka zo wurin Ɗaso. Shi ma da farko ya ce babu mai ƙirga su. Nasiha ce, 'yarsa, haihuwar Makka, mai aikin girki a wani otal, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, katin nan shi ne wankin Yaya. In babu shi, kalas, ta ƙare."

Washegari bayan sallar asuba ya ce wa mutane, "A buɗe musu ƙofa."

Wadda aka turo musu yarinya ce, sunanta Rumaisa. Jikar Hausawa ce, kakan kakanta ya zo daga Kano a ƙafa, amma ita 'yar ƙasa ce da takardunta, ta karanta ilimin ƙididdiga a jami'a. Hausa tana yi mata nauyi a baki. Ta iso gidan Ɗaso da hantsi tana haki saboda matakala, da wata faffaɗar waya a hannu wadda take rubutu a kai da yatsa. Nasiha na wurin aiki.

"Ya ammi, Baffa, yara naka, yani, guda nawa?"

"Ba a ƙirga 'ya'ya kamar awaki."

Ta yi dariya. "Tayyib. Ka ba ni suna kawai, ni zan ƙirga, zunubi a kaina."

"Mahadi. Nasiha. Marwan."

"Mahadi ne babba?"

Ɗaso ya dubi bango. "Shi ne babban namiji."

Sai ga Kabira ta fito da shayi, tana jan ƙafa, tana dafa bango. Ta durƙusa da ƙyar ta ajiye tiren. Rumaisa ta bi ta da kallo.

"Wannan Hajiya fa?"

"'Yar gidan Tsoho ce."

Kabira ta sunkuyar da kai ta koma ɗaki. Yatsan Rumaisa ya motsa a kan wayar. Ɗaso ya ga motsin, hankalinsa ya kwanta. Ya nuna ta, ya faɗe ta yadda ake faɗa. Duk mai jinin Hausa a jiki ai ya san abin da uba yake nufi in ya dubi bango. Abin da Rumaisa ta rubuta kuwa shi ne: baƙuwa, za a ƙirga ta a gidansu.

Bayan mako uku aka kawo katuna. Nasiha ta buɗe ambulan a tsakar gida, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta zazzage shi.

"Huɗu ne. Baba, ina na Yaya?"

"Duba da kyau."

"Na duba. Ka faɗi sunanta?"

"Na nuna ta."

"Ka ce musu 'yarka ce?"

Jijiyar wuyan Ɗaso ta tashi. "Yarinyar ba Bahaushiya ba ce?"

"Bahaushiyar da ba ta taɓa ganin tuwon dawa ba! Baba, wallahi ka kashe mu."

"Ki iya bakinki."

Ta saka abaya ta sauka dutsen. Da ta dawo idanunta sun yi ja. Ta ce a ofis an gaya mata gyara yana yiwuwa, amma sai maigida da kansa ya je ya faɗa a gaban shugaba, domin mai ciwon ba ta da takardar haihuwa ko wata shaida. Kuma ranar Alhamis da azahar za a rufe rajista.

"Ba zan tsaya gaban yaro in faɗi abin da ubana bai faɗa ba," in ji Ɗaso.

"Ubanka 'yarsa ba ta kumbura a gabansa ba."

Daga cikin ƙaramin ɗaki muryar Kabira ta fito, a hankali, da numfashi a tsakanin kalmomi. "Nasiha, ƙyale Baba. Ni ma ba na so in ji."

Wannan maganar ta fi ta Nasiha zafi. Ɗaso ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ranar Talata bayan la'asar yana zaune a dakalin ƙofar gida da abokinsa Kabo, mutumin Tawa, wanda suka yi dako tare a Mina shekara da shekaru. Kabo ba ya rabuwa da tsokana.

"Na ji an ce gidanka an yi ragi, Badamarge. Mutum biyar, kati huɗu. Ko kun sayar da ɗaya ne?"

"Kai naka nawa suka zo?"

"Shida."

"Ku nawa ne?"

Kabo ya fara lanƙwasa yatsu, ya tsaya a tsakiya, ya mayar da hannun aljihu. "Bar wannan zancen."

Sai ga Rumaisa tana hawowa, da takarda a naɗe a hannu. Ba aiko ta aka yi ba. Ta gaishe su, ta shimfiɗa takardar a kan dakali. Layuka ne da lambobi, da wasu sanduna masu launi, wata doguwa wata gajera.

"Ya ammi, lissafi ya fito. Ku kun fi kowa."

"Da me?"

"Da komai. Duba nan. Matan Kano da na Barno suna haihuwar fari da shekara sha bakwai, sha takwas. Naku sai ashirin da biyu, har sama. Yara a gidajenku ba su da yawa. Manya masu ciwo kuwa, masu shekara arba'in da biyar zuwa sama, kusan babu. Ustaz Talal, shugabanmu, ya ce mutanen arewa mai nisa sun fi kowa lafiya da tsari."

Ɗaso ya gyara zama. Ƙirjinsa ya buɗe. Ya dubi Kabo. "Ka ji ko? Mu ba mabarata ba ne. Ko a takarda an gani."

"Shi ya sa," in ji Rumaisa, "a gado goma sha biyu, ku aka ba ku ɗaya."

Wata akuya ta wuce tana tauna kwali.

"Amma ni lissafin bai kwanta mini ba," ta ci gaba. "Ka ce ka yi aure shekara hamsin da huɗu. Mahadi shekararsa arba'in da huɗu. Shekara goma babu haihuwa? Mumkin, zai yiwu a gida ɗaya. Amma gida sittin da uku na shiga a dutsen nan, kusan duka haka ne. Na ce ko dai ruwan garinku ne, ko ni ce na yi kuskure. Kwana uku ina dubawa."

Kabo ya fara dariya, dariyar ta mutu a maƙogwaronsa. Ya share baki da gefen rawani.

"'Yar nan, ba ruwa ba ne. A kowane gida da kika shiga akwai wanda ba a faɗa miki ba."

"Lesh? Don me?"

"Don shi ne na fari. Ba ma faɗinsu. Nawa yana nan ƙasa, ƙafarsa ta rube da ciwon suga. Kin sha ruwa a hannunsa."

"Ka ce mini maƙwabci ne!"

"To ai ɗakinsa yana maƙwabtaka da nawa."

Rumaisa ta dubi takardar, ta dubi ƙaramin ɗakin da ke kusa da tanki. Ta dafe baki.

"Hajiyar da ta kawo shayi."

Ɗaso bai ɗago ba.

"Ni na rubuta ta baƙuwa," in ji Rumaisa. "Ya Allah. Su ne manyanku. Su aka haifa can, ba su da ko takardar ungozoma. Su suka fara ɗaukar kaya tun suna yara. Duk masu ciwon naku su ne, kuma babu ko ɗaya a nan." Ta buga takardar da yatsa. "Ya ammi, ni ba zan iya gyarawa ni kaɗai ba. In ka zo, za a ba ta kati. Amma sandar nan ba za ta motsa da mutum ɗaya ba."

Ta naɗe takardarta ta sauka. Kabo ma ya tashi ba sallama.

Ɗaso ya shiga gida. A bakin ƙaramin ɗaki ya ga takalman Kabira, an yanke madaurinsu da reza don ƙafa ta shiga, duk da haka ta daina saka su. Yana jin numfashinta daga waje, kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi. Ya tuna ranar da suka tsallaka teku, jirgin ruwa na tangaɗi, tana kuka tana miƙo masa hannu, ya juya baya ya bar Tsoho ya ɗauke ta. A lokacin mutane sun yaba masa. Ya daɗe tsaye. Ya yi gyaran murya, ta amsa, bai ce komai ba ya wuce.

Laraba da safe ya ɗauki sanda ya fara bin gidaje. Matakala ɗari da wani abu, sama da ƙasa, da gwiwar da ta ƙi. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi.

"Gobe da hantsi a ofishin masu ƙidaya. Kowa ya zo da sunan babbansa a baki."

Wasu suka zaci tsufa ne ya taɓa shi. Wata tsohuwa 'yar Azbin, Maimuna, ta leƙo ta bayan labule.

"Ɗaso, kai ne kake faɗin haka? Kai da ka hana ɗanka zama a majalisa don ya kira sunan ɗansa?"

"Ni ne."

"To ni bakina ba zai iya ba."

"Ki zo ki ji nawa tukuna."

A cikin gida sittin da uku, ashirin da tara suka sauko. Sauran, wasu kunya ta riƙe su, wasu tsoron jirgi.

Ofishin ɗaki ne mai sanyi a hawa na biyu, da kujerun roba. Tsofaffi suka cika shi har bakin matakala. Ustaz Talal saurayi ne mai ladabi, ya miƙe ya ba Ɗaso kujera. Ɗaso ya ƙi zama. Rumaisa na gefe da wayarta, Nasiha na bayansa.

"Na'am, ya ammi. Wa za a ƙara?"

"Akwai wata a gidana."

"Sunanta?"

"'Yar gidan Tsoho."

"Tsoho ne ubanta?"

"A'a."

"To wane ne?"

Nasiha ta matso. "Ustaz, sunanta..."

Talal ya ɗaga hannu. "Ma'alesh, yi haƙuri, 'yar'uwa. Ba ta da wata takarda a duniya. Bakin ubanta ne takardarta. In ba shi ya faɗa ba, ba ni da abin da zan rubuta."

Ɗaso yana jin idanun mutanensa a bayan wuyansa, mutanen da ya yi wa faɗa shekara arba'in a kan kunya da mutunci. Ya riƙe sandar da hannu biyu. Ya nemi bango ya duba, sai ya ga takardar nan mai sanduna an manna ta a jiki, tasu gajera a ƙarshe. Ya mayar da ido kan Talal.

"Kabira," ya ce. Sunan ya fito a shaƙe, kamar ba Hausa ba. Ya sake. "Kabira. 'Yata ce. Ita ce ta fari. An haife ta a Tanut, shekarar da fari ya kashe shanu. Akwai biyu bayanta, sun mutu can. Su ma a rubuta."

Tsohuwa Maimuna ta ja mayafi ta rufe fuska. Kabo ya sunkuyar da kai, sannan ya matsa gaba ya tsaya kusa da abokinsa.

"Abdulilah," ya ce. "Nawa ne. Rubuta kafin in fasa."

Haka suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu da raɗa, sai Rumaisa ta kai kunne. Maimuna ta faɗi nata ta cikin mayafi, ta fita ba ta jira kati ba. Ana kiran azahar aka rufe rajista.

Talal ya miƙo katin da hannu biyu. Sannan ya hau gyara takardu.

"Ya ammi, akwai magana. Gadajen an raba su tun Litinin, da tsohon lissafi. Mutane sun riga sun hau, ba zan iya sauke kowa ba. Sabon lissafi za mu kai wa kwamiti, amma sai bayan wata uku za su zauna. Yanzu ita ce ta huɗu a masu jira. Ku riƙa kawo ta kullum da safe. In wani bai zo ba, a saka wanda ke layi."

Ɗaso ya juya wurin Rumaisa. "Da na faɗa ranar da kika zo fa?"

Ta dubi ƙasa. "Da tana kan gado tun Litinin."

Ya saka katin a aljihun gaba ya fita.

Hawan dutsen ya ɗauke shi awa guda. Ya tsaya a bakin ƙaramin ɗaki, inda ya saba gyaran murya.

"Kabira."

Sai ya ji motsi, da sauri, kamar ta firgita. Ta ɗaga labule, idanunta a waje.

"Baba, wa ya rasu?"

"Ba kowa. Ungo."

Ta karɓi katin, ta juya shi gaba da baya. Ba ta iya karatu ba, shi ma haka. Ya wuce bayan ƙofa ya jawo keken, ya aika Nasiha ta samo mai, ya zauna a ƙasa yana goge tsatsar ƙafar har la'asar.

Asabar da sassafe Mahadi da Marwan suka sauko da ita a kan kujera, matakala bayan matakala. A ƙasa suka ɗora ta a keke. Mahadi ya kama hannun keken, Ɗaso ya ture shi.

"Tafi aikinka. Na tura waɗanda ban sani ba shekara talatin."

Suka zauna a barandar asibitin har azahar. Kowa ya zo, babu gadon da ya rage. Lahadi ma haka. Litinin ma haka. Ranar Talata wata ma'aikaciyar asibitin ta fito da takarda ta ce an saka na farko a layi, Kabira ta koma ta uku.

"Wani ya warke ne?" in ji Ɗaso.

"Wani Babarbare ne. Allah ya yi masa rasuwa jiya."

Ɗaso ya yi salati. A nan ya gane abin da yake zuwa jira kullum da safe, da yawan waɗanda suka rage. Ya dubi ƙafafun 'yarsa, sun fi na Asabar girma. Ya kama keken ya juya.

Rana ta take. Yana turawa a gefen titi, motocin alhazan Umra na wucewa, ƙafar keken na ƙara duk da man. Kabira ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Baba, sunan nan, a daina kiransa a gaban mutane. Nauyi nake ji."

Ya ci gaba da turawa har suka kai inuwar wani gini. Ya tsaya ya huta, yana haki, ya ciro rawaninsa ya miƙa mata ta kan kafaɗa.

"Kabira, rufe ƙafarki, rana na dukanta. Gobe da wuri za mu fito."